4K ko Full HD: ido na ganin bambancin kuwa, ko kuɗi kawai muke ƙarawa?

Bayan Babbar Sallar da ta wuce, da aka rufe lissafin raguna aka sallami dillalai da direbobin tirela, Baba ya ce lokaci ya yi da za a sauke tsohon talabijin ɗin falonmu a nan Agege. Ni aka damƙa wa kuɗi, tunda a gida ni ake yi wa kallon masanin kayan wuta. Na tafi Alaba. Mai shago ya kunna mini guda biyu a jere, dukansu inci 43, ɗaya Full HD ɗaya 4K, ya sa hoton wani aku da na zuma tana ɗiga daga cokali. Na matsa har numfashina na taɓa gilashin. Wallahi a na 4K ɗin, gashin akun nan ɗaya bayan ɗaya nake ƙirgawa. Ban ja ciniki ba. Na ɗora kuɗin da zai sayi ɗan akuya mai kyau a kan farashin ɗayan, na ɗauko shi.

Muka kafe shi a bango, muka jona dikoda da kebul ɗin da muka saba, mai kai uku, ja da fari da rawaya. Baba ya zauna a kujerarsa can jikin ɗaya bangon, ya kalli labarai na ɗan lokaci, sannan ya juyo ya ce, "To kai, ina abin da ka ce an ƙara mana?" Na rasa ta cewa. Da na koma inda yake zaune, ni ma ban ga komai ba sai dai girma.

Mai shagon nan bai yi mini ƙarya ba, abin da ya nuna mini gaskiya ne. Baba ma gaskiya ya faɗa. Wannan ne ya sa na zauna na bi maganar daga tushe, kuma ga abin da na tattara, saboda na san akwai masu shirin kayan ɗakin amarya, da masu gidajen kallon ƙwallo, da masu neman sauya waya, da tambayar nan ke gabansu. Amsar a taƙaice ita ce: bambancin yana nan, amma ganinsa ya dogara da abu uku, girman allon, nisan da kake zaune, da irin hoton da kake zuba masa. Idan ɗaya ya gaza a cikin ukun nan, ƙarin kuɗin ya tafi a banza.

Mene ne ake ƙirgawa?

Duk hoton da ke fuskar talabijin ko waya, ƙananan ɗigo ne aka jera layi-layi, kowane da launinsa. Turawa na ce wa ɗigon fiksel, ni zan ci gaba da cewa ɗigo. Kamar aikin hula ne. In ka riƙe ta a hannu kana ganin kowane sakin allura, in tana kan wani a ɗaya sahun masallaci sai zanen kawai kake gani.

Tsohon tsarin talabijin da muka taso da shi a Najeriya, wanda ake kira PAL, ɗigo 720 ne a kwance, layi 576 a tsaye. Shi ake ce wa SD, jimillarsa ɗigo 414,720. HD shi ne 1280 sau 720, ko da yake yawancin ƙananan talabijin da aka rubuta wa "HD Ready" a kwali 1366 sau 768 ne, ɗigo miliyan ɗaya da 'yan kai. Full HD shi ne 1920 sau 1080, ɗigo 2,073,600. 4K kuma 3840 sau 2160, ɗigo 8,294,400, wato ninki huɗu na Full HD cif. 8K ya sake ninka wannan sau huɗu, ya haura miliyan 33.

Akwai wata 'yar dabarar 'yan kasuwa a sunan. Da can da layukan tsaye ake kiran su, 720 da 1080. Da aka zo kan sabon, sai aka koma ƙirga na kwance, waɗanda suka kusa dubu huɗu, aka ce 4K. Da an bi tsohon lissafi, 2160 ne sunansa, ka ga nan take mutum zai gane ninki biyu ne ta kowane gefe.

Inda ido ke tsayawa

Duk wanda ya taɓa zuwa gwajin ido ya san allon nan mai haruffa, manya a sama suna ƙanƙancewa zuwa ƙasa. Wani likitan ido ɗan ƙasar Holan, Herman Snellen, shi ya tsara shi a 1862. In an ce idonka 6/6 ne, ko 20/20 a lissafin Amurka, ana nufin daga nisan mita 6 kana iya rarrabe layin da kaurinsa bai kai milimita 2 ba. Daga nan masu ƙera allo suka samo ma'auninsu. Miƙe hannunka gaba sosai, ka ɗaga ƙaramin yatsanka. Faɗin da ya rufe maka shi ne kusan digiri ɗaya na abin da kake gani. Lafiyayyen ido yana iya rarrabe ɗigo kamar 60 a cikin wannan faɗin. In ɗigon sun fi haka matsuwa, sai su narke su zama abu ɗaya, ko miliyan nawa aka ƙara ba za ka sani ba.

Mu da muka tashi a kara mun san wannan ba tare da lissafi ba. Daga kan gada kana hango garke, ka san wannan bunaji ne wancan bokolo ne. In ka sauko ka matso, sai ka fara ganin wanda ya rame da wanda ke ɗingishi. Kaska kuwa sai ka zo jikin san. Kaskar tana nan tun kana kan gada, idonka ne bai kai ba. Ƙarin ɗigon 4K kamar kaskar nan ne. A talabijin mai inci 43, faɗin ɗigo ɗaya na Full HD rabin milimita ne, na 4K kuwa rubu'in milimita. Ƙwayar gero ta ninka shi sau da yawa.

Adadin 60 ɗin nan ba iyaka ba ce ga kowa. Matasa da yawa suna gani fiye da 6/6. A 2025 masu bincike a Jami'ar Kambirij ta Ingila tare da na kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, sun auna abin da kansu, suka samu cewa a siraran layuka na baƙi da fari ido na iya kaiwa ɗigo 94 a digiri ɗaya, a wasu launuka kuma kamar rawaya da shuɗi mai duhu ya sauka zuwa 53. Duk da wannan ƙarin, abin da suka ce shi ne mai zama mita biyu da rabi daga talabijin mai inci 44 ba ya cin moriyar dukkan ɗigon 4K, balle 8K. Kuma a tuna, siraran layuka a ɗakin gwaji daban, ɗan wasa yana gudu da ƙwallo daban. Abu in yana motsi, ido ba ya kama ƙananan bayanansa kamar in yana tsaye.

Sannan ga shekaru. Dattijon da yanar ido ta fara taɓawa, ko wanda ya kamata ya sa tabarau bai sa ba, iyakarsa tana ƙasa da 60 ɗin ma. A gidaje da yawa mai biyan kuɗin talabijin shi ne wanda zai fi kowa rashin ganin bambancin.

Lissafin da za ka yi da tef ɗin tela

Na juya lissafin nan ya koma yadda kowa zai iya yi a ka. Ɗauki incin talabijin ka ninka sau 4. Abin da ya ba ka, a santimita, shi ne nisan da in ka wuce shi, mai ido 6/6 ba zai bambanta Full HD da 4K ba.

Inci 43 sau 4 ya ba da 172, wato mita 1.7, ƙafa biyar da rabi. Inci 55 ya ba da mita 2.2, ƙafa bakwai da ɗoriya. Inci 65 mita 2.6. Inci 75 mita 3. Ɗakunanmu na haya a Legas da Ibadan da Fatakwal yawanci ƙafa 12 ne ta kowane gefe. In talabijin na jikin bango ɗaya, kujera ko gado na jikin ɗayan, tsakanin idonka da gilashin ya kai mita 3 ko ya fi. Ke nan a irin wannan zama sai talabijin ya kai inci 75 kafin 4K ya fara nuna kansa. Namu na 43, Baba yana zaune a kusan ninki biyu na nisan da ake buƙata.

In kai matashi ne mai kaifin ido, ninka sau 6 maimakon 4. Inci 43 zai ba ka mita 2.6, inci 55 kuma mita 3.3. Wannan shi ne iyakar adalcin da za a yi wa 4K, kuma ko a nan abin da za ka gani ɗan kaɗan ne, a rubutu da gefen abubuwa.

Ga masu sayen inci 32, wanda shi ya fi yawa a ɗakunan samari da shagunan aski, tambayar ita ce tsakanin HD da Full HD. Nan ma ninka sau 6: mita 1.9. In ka wuce ƙafa shida daga gare shi, "HD Ready" ya ishe ka.

Wani abin lura, kasuwa ta riga ta yanke wa manya hukunci. Daga inci 55 zuwa sama, kusan duk sabon da manyan kamfanoni ke fitarwa 4K ne, ko kana so ko ba ka so. Inda zaɓi yake a zahiri shi ne wajen inci 40 zuwa 50. A nan ra'ayina a fili yake: in kuɗinka zai sayi ƙarami mai 4K ko babba mai Full HD daga kamfani mai kyau, ɗauki babban. Girma kowa na ganinsa daga bakin ƙofa, har baƙo. Sai dai ka sa a ranka cewa babban allo ya fi jan wuta, kuma tun da aka kai yunit ɗin 'yan rukunin Band A naira 225 a Afrilun 2024, ba wanda ke raina wannan lissafi, balle mai ƙaramin janareta ko sola.

Wanda zai ajiye allo a kan tebur ya zauna gabansa da kwamfuta, mai zanen fosta, mai haɗa bidiyon biki, mai buga gem, wannan maganarsa daban ce. Nisansa bai kai mita ɗaya ba, yana ganin kowane ɗigo, 4K ya cancanci kuɗinsa.

Abin da kake zuba masa

Nan ne na fi yin kuskure, kuma nan ne na ga mutanenmu sun fi yi. Talabijin ba ya ƙirƙiro abin da ba a aiko masa ba. In hoton SD ya shigo na 4K, ɗigo 414,720 ne za a shimfiɗa a kan gurbi 8,294,400. Kowane ɗigo ɗaya na gaske sai an cike masa gurbi 20 da kintace. Akwai 'yar na'ura a ciki mai wannan aikin, ta manyan kamfanoni ta fi iya shafe abin ya yi santsi, ta masu araha kuma sai fuskar mutum ta fito kamar an shafa mata man shanu. Ko wacce ce dai, kintace ne. Tsofaffin finafinan Kannywood na zamanin faifan VCD sun fi shan wahala, domin su 352 sau 288 ne kacal. Shi ya sa za ka ji ana cewa tsohon fim ya fi kyau a tsohon talabijin mai ƙeya. Ba son zuciya ba ne, gaskiya ce, ƙaramin gilashin yana rufa masa asiri.

Sai kebul. Wannan mai kai uku, rawayan shi ke ɗauke da hoto, ja da fari sauti ne. Rawayan nan ba ya iya wuce SD ko me ka jona masa. Ko dikodarka ta HD ce, ko ka biya babban tsari, in ta rawayan hoton ya bi, 576 zai isa. Na shiga gidaje da shaguna da dama na ga babban talabijin na zamani a bango, bayansa kuwa rawayan kebul ne. Maganinsa kebul ɗin HDMI, wanda kuɗinsa bai kai na kilo ɗaya na nama ba. Kada kuma a ruɗe ka da mai tsada da sunan ya fi fitar da launi. HDMI in yana aiki yana aiki ne, sai dai a duba wanda ke ɗaukar 4K in ana buƙatar hakan. Bayan ka jona, shiga saitin dikodar ka tabbatar an sa ta fitar da 1080, domin wasu suna nan a kan 576 tun daga kwali.

Sai tashar kanta. Tashoshi da yawa da muke kallo a dikoda har yanzu SD suke watsawa, waɗanda suka ci gaba kuma HD ne. 4K ta tauraron ɗan'adam abu ne na jefi-jefi, kuma yana buƙatar dikoda ta musamman. Inda ake samun 4K sosai shi ne intanet, a nan kuma data ce ke magana. Netflix da kansu sun ce awa ɗaya na cin kusan gig 1 a SD, har gig 3 a HD, har gig 7 a 4K. YouTube na ba da shawarar gudun intanet megabit 5 a daƙiƙa don 1080, megabit 20 don 4K. Fim mai awa biyu a 4K zai iya lashe gig 14. Tun da hukumar NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, mutum nawa ne a cikinmu za su yi wannan kowane dare?

Akwai kuma abin da lamba ba ta nunawa. Kafin a turo bidiyo ta intanet ko ta tauraro sai an matse shi, an zubar da wani ɓangare na bayanansa don ya yi sauƙi. In matsin ya yi yawa, sai ka ga ciyawar fili ta dame, duhu ya yi dabbare-dabbare, fuska ta farfashe in an yi motsi. 1080 da aka matse da sauƙi ya fi 4K da aka shaƙe. Hoton aku da zuma na cikin shago kuwa an yi shi ne musamman, ba a matse shi sosai ba, motsinsa a hankali, launinsa an ƙure, kuma kai kana tsaye taku ɗaya daga gare shi. Ba za ka sake ganin irinsa a gida ba.

Masu gidan kallo

In kana da gidan kallon ƙwallo, lissafinka ya fi sauƙi. A talabijin mai inci 55, wanda ya wuce mita 2.2 ba ya rarrabe 4K da Full HD, wanda ya wuce mita 3.3 ba ya rarrabe Full HD da HD. Bencin farko kaɗai ke cikin wannan da'ira. Sauran jama'a abin da ke damunsu shi ne su ga ƙwallon, su karanta sakamako da minti a kusurwa, kada hoto ya tsaya lokacin fanareti. Kuɗin 4K guda ɗaya gara a raba shi a ƙara allo na biyu a tsakiyar rumfa, a gyara saitin dish, a toshe hasken da ke shigowa ta gefe.

Masu son majigi su yi hattara da rubutun kwali. Ƙananan majigi masu araha sukan rubuta 1080 ko 4K da manyan baƙi, alhali abin da suke nufi shi ne suna karɓar irin wannan hoton, sannan su rage shi zuwa nasu. Nemi inda aka rubuta "native", lambar da ke gabansa ita ce ainihin ɗigon da zai haska a bango. Wani 720 ne, wani ma 480.

A waya fa?

Waya ƙarama ce amma tana kusa da ido, don haka a nan ana ƙirga ɗigo nawa ne a inci ɗaya. Da Steve Jobs ya fito da iPhone 4 a 2010, mai ɗigo 326 a inci, hujjarsa ita ce daga wajen 300 ido ya daina rarrabewa in an riƙe waya a nisan da aka saba, kamar santimita 25 zuwa 30. Lissafin 60 ɗin nan ne dai.

Yawancin wayoyi masu sauƙin kuɗi da ke hannunmu, irin su itel da ƙananan Tecno da Infinix, allonsu 720 sau 1600 ne ko kusa da haka, a kan inci shida da rabi. Wannan ya ba da ɗigo kamar 270 a inci. Na sama da su, masu 1080 sau 2400, suna da kamar 400. Ka ga 300 ta faɗo a tsakaninsu. Shi ya sa a nan bambancin na gaske ne, ni kaina ina ganinsa, amma a rubutu ya fi fitowa. Buɗe shafin Alƙur'ani cikakke a wayoyin biyu ka dubi wasulla da ɗige-ɗigen haruffa, ko ka dubi lanƙwasar ƙ da ɗ a ƙaramin rubutu, za ka ga ɗaya ta fi tsafta. Mai yawan karatu a waya, 1080 ta cancanci ƙarin. Daga 1080 zuwa sama kuwa riba ta ƙare wa yawancin mutane. Kamfanin Sony ya fitar da waya mai allon 4K tun 2015, ɗigo sama da 800 a inci, kuma har yau sauran kamfanoni ba su ga dalilin rububin bin sa ba. Ƙarin ɗigo ƙarin aiki ne ga waya, ƙarin cin batir.

Ga wata dabarar tsimin data. In wayarka mai 720 ce kuma kana kallon YouTube tana tsaye, faɗin bidiyon ɗigo 720 ne, tsayinsa 405 kacal. 480 ya wadatar. In ka kwantar da ita ya cika allo, 720 ne iyakarta. Zaɓen 1080 zai ɗan rage damewar hoto saboda matsinsa ya fi sauƙi, amma ba zai ƙara maka ɗigo ko ɗaya ba, data kuwa kusan ninki biyu zai ci. Ni Labarina da Izzar So duk a 480 nake kallonsu in ina kara, ban taɓa rasa gane wanda ke magana ba.

Kada kuma a haɗa lambar kyamara da ta allo. Wayar da aka rubuta wa kyamara mai ɗigo miliyan 50, allonta in 720 ne, ɗigo miliyan ɗaya da dubu ɗari da hamsin da biyu yake nunawa. Amfanin sauran sai in za ka zuƙo hoton ko ka buga shi babba.

Bidiyon shanu

Wannan ya shafi sana'armu kai tsaye. Yanzu rabin ciniki a waya ake fara shi. Wakili yana Potiskum ko Maigatari ko Wudil, ya ɗauki bidiyon bijimi ya turo ta WhatsApp, a nan a duba a ce saya ko bari, a tura miliyoyi kafin dabba ta hau mota. Na ga abokan Baba suna sauya waya mai tsada don su riƙa ganin dabba da kyau, hoton kuma ya ci gaba da zuwa a dame. Ba allonsu ne matsalar ba. WhatsApp yana matse bidiyo ya rage shi sosai kafin ya tura, don ya tafi da sauri. Abin da matsi ke fara cinyewa kuwa shi ne ƙananan abubuwa masu kama da juna, wato gashi da fata, daidai inda kirci da tabo da kaska suke.

Tun 2023 akwai maɓallin HD a sama in za ka tura hoto ko bidiyo, a ce wa wakili ya riƙa danna shi. In dabbar mai tsada ce, ya tura ta wurin fayil, inda aka rubuta Document, nan ba a taɓa bidiyon, yadda aka ɗauka haka zai iso, sai dai ya fi cin data da lokaci. Kafin wannan ma, ya goge gilashin kyamara da gefen riga, domin ƙurar kasuwa da maiƙon hannu sun fi komai ɓata hoto. Ya ɗauka da safe ko da la'asar, rana tana bayansa. Kada ya zuƙo daga nesa, ya taka ya je. Ya zagaya dabbar a hankali, ya tsaya cak na 'yan daƙiƙu a kan haƙora, da kofato, da ƙarƙashin ciki, da bayan tozo, saboda in hannu na rawa matsin ya fi cin hoton. Sannan ya sa a kora ta ta yi tafiya. Bidiyon 720 da aka ɗauka haka ya fi na 4K da aka ɗauka ana gudu cikin ƙura da tsakar rana.

Abin da ido ya fi saurin kamawa

In ka ga talabijin biyu daga nesa ɗaya ya fi ɗaya kyau, galibi ba yawan ɗigo ba ne. Baƙinsa ne ya fi zama baƙi, haskensa ya fi ƙarfi, launinsa ya fi daidai. Wannan ido na ganinsa daga ko'ina a ɗaki. Shi ne abin da HDR ke ƙoƙarin ƙarawa, kuma shi ya sa allon OLED, wanda kowane ɗigonsa ke kashe kansa in wurin duhu ne, yake ɗaukar ido. Sai dai HDR na buƙatar allo mai haske sosai, masu araha da yawa sunan kawai suke ɗauke da shi. Duba kuma yadda hoto yake in ka koma gefe, tunda a gidajenmu ba kowa ke samun tsakiya ba, wasu na kan tabarma ta ƙasa, wasu na bakin ƙofa. Wani allon da ka kauce kaɗan sai launinsa ya koɗe.

8K kam ba sai na ɓata muku lokaci ba. Tashar NHK ta Japan ta fara watsa shi a Disambar 2018, amma abin kallo a cikinsa har yanzu kaɗan ne. A wani gwaji da kamfanin finafinai na Warner Bros. da abokan aikinsa suka fitar a 2020, an zaunar da mutum 139 kusa da allo mai inci 88 ana nuna musu 4K da 8K ba tare da sun san wanne ne wanne ba. Amsar da ta fi yawa ita ce duk ɗaya ne, ko kuma 8K ya ɗan fi kaɗan.

In za ka shiga kasuwa

Kafin ka fita, auna daga bangon da za a kafe shi zuwa inda kai ke zama. Raba santimitar gida 4, ka san incin da 4K zai fara yi maka amfani. Tafi da tef ɗin, domin inci daga kusurwa zuwa kusurwa ake auna shi, gilashin kaɗai ban da firam: inci 32 santimita 81 ne, inci 43 santimita 109, inci 55 santimita 140. A kwali ka nemi lambobin kansu, 1366, 1920 ko 3840, kada ka tsaya a kan manyan haruffan gaba. Ka sa abin da ka saba kallo a filashi ka ce a kunna maka shi, ko a juya zuwa tashar dikoda, sannan ka ja da baya daidai nisan ɗakinka ka duba daga can. Mai shagon kirki ba zai hana ka ba.

Mu dai namu ya riga ya shigo gida. Na sayo HDMI a bakin titi na cire rawayan, na gyara saitin dikoda zuwa 1080. A daren Baba ya ce yanzu kam ya ga an sauya wani abu, har yana karanta rubutun da ke gudu a ƙasan labarai. Ban gaya masa cewa da na Full HD ɗin ma haka zai gani ba. Da na ce a jawo kujerarsa gaba zuwa tsakiyar falo don ya ci moriyar sauran, sai Hajiya ta ce a ina za a riƙa shimfiɗa tabarmar cin abinci, kujerar tana nan inda take.